Mita Shida

Zuwa na uku ke nan da Rosmini ta yi gaban kwamitin tsara gari, kuma duk a kan ɗaki ɗaya. Ba otal ta ce za ta gina ba, ɗan ɗaki ne a ƙasa, gefen gidansu, don uwarta Indo Sakka. Gidan a kan turaku yake kamar na kowa a ƙauyen, sai an hau tsani. Tun da tsohuwar ta faɗi ta karye a ƙugu ba ta iya hawa, aka kai ta wurin ɗanta a birni, inda ta daina cin abinci, kullum maganarta a mai da ita gida.

Doka ta hana sabon gini ƙasa da mita ɗari daga bakin fadamar bakau, itatuwan nan masu tsayawa cikin laka suna tare igiyar teku. A tsohuwar taswira gidan yana mita ɗari da talatin. Da mai awo ya zo ya ja igiyarsa, sai ga casa'in da huɗu.

"Pak Darwis," Rosmini ta ce wa shugaban kwamitin, "gidan ne ya yi ƙafa ya matsa?"

"Fadamar ce ta matso, Bu," in ji shi, da laƙabin girmamawar da ake kiran mata da shi a nan. "Daga itace na ƙarshe ake fara awo."

"Itace na ƙarshen ni na dasa shi! Ni da matan ƙungiyarmu, laka har cinya, shekara shida. Ku da kanku kuka ba ni takardar yabo, har da hoto."

"Ƙwarai kuwa, muna alfahari da ke."

Alfahari! Ita dai ta haɗiye abin da ya zo bakinta, don a nan ba a ɗaga wa mai hular hukuma murya. Pak Darwis ya lashi yatsa ya buɗe takardu. Ya ce akwai hanyar rangwame, ai doka ba dutse ba ce. Abin da ake bukata kawai wasiƙa daga shugabar ƙungiyar masu kula da fadamar, cewa ginin ba zai cutar da komai ba.

"To ai ni ce shugabar. Kawo biro."

"A'a, Bu, mai nema ba ya sa wa kansa hannu."

"To in sauka, a zaɓi wata."

"Sai sabuwar ta shekara a kan kujera kafin sa hannunta ya yi aiki."

Wallahi haka ya faɗa, ko gezau bai yi ba, har da tura mata farantin soyayyiyar ayaba. Aka ɗage zama sai bayan damina.

A bakin ƙofa mai awon ya tarar da ita tana neman takalminta. Ya rage murya. "Bu Rosmini, mita shida fa layi biyu ne kawai na ƙananan itatuwan. Awaki ma suna cinye su. In aka kira ni na sake awo, abin da na gani zan rubuta."

Da azahar ta ɗauki adda ta nufi fadama, ranta a ɓace. Ta tsaya kan layin farko. Kowanne ta san shi, ta san wanda ta ɗaure da tsumman zaninta lokacin da iska ta kwantar da shi. A bayansu gidaje arba'in ne da ruwa ya daina shiga. Ta ɗaga addar, ta sauke ba ta sari ko ɗaya ba, ta zagi kwamitin, ta zagi mai awo, ta zagi kanta. Daga nan ta koma gida ta buga wa yayanta waya ta ce ya kawo Indo gobe.

Washegari motar yayan ta tsaya a gindin tsani. Indo Sakka ta leƙa, ta ga babu ɗaki. Rosmini ta durƙusa ta ba ta baya, ta goya ta da zani. Tsohuwar ba ta kai nauyin buhun shinkafa ba, abin ya soki Rosmini har hawaye ya zubo mata.

"Dakata," in ji Indo. "Sassauta zanin ƙafata ta taɓa ƙasa."

"Indo, rana tana dukanki. Bayan damina za su ba mu izini, ni da kaina zan sauko da ke."

Tsohuwar ta goga tafin ƙafarta a yashi, a hankali, sau biyu.

"Hau mu je, 'yar nan. Ranar saukowata ba ke kaɗai za ki ɗauke ni ba."