Bututu Biyu Saboda Yaya

"Ita ai ko ta hau, ruwa bai san an hau ba."

Baba ne ya faɗa yana dariya, a rumfar Kawu Hok mai haɗa kwale-kwale. Da ni yake. Ina bayan tulin ɓawon kawa, wato dodon-koɗin tekun da muke kiwo, na kawo masa abincin rana, bai gan ni ba. Kawu Hok ya tofar da jan miyan goronsa ya ce, "To shi babban, yayanta, fa?"

"Shi ya kawo ni. Bututu biyu nake so ka ƙara mini, ɗaya dama ɗaya hagu."

Na tsaya nan da kwano a hannu har shinkafar ta huce.

Kwale-kwalenmu irin na kowa ne a Dongshi, garinmu na bakin teku: manyan bututun roba a jere a ɗaure, an toshe bakinsu, an shimfiɗa katako a kai. Namu takwas ne. Tun kafin in gama sakandare nake bin Baba kamun kifi da fatsa, shi a baya wajen inji, ni a gaba kan bokitin da na kife. Baba ba mai magana ba ne, ni ma haka. Mukan wuni ba wanda ya ce uffan, sai dai ya nuna mini da haɓa in igiyata ta motsa. Ni a wurina wannan shirun namu ne mu biyu.

Akwai wani lungu tsakanin gorar da ake rataye kawa, can inda baƙin kifi mai faɗi ke taruwa in ruwa ya fara cika. Mai bututu takwas ke shiga, da ƙyar, sai na riƙa tura gorar da hannu. Ba mu taɓa nuna wa kowa ba.

Sai Yaya Bun-hiong ya dawo daga birnin Taichung, bayan an rufe shagon suyar kajin da yake aiki. Siriri ya tafi, ya dawo sai ya karkace kafin ya shiga ƙofar banɗaki. Amma bakinsa na nan yadda yake. Kwana kaɗan, duk layinmu ya dawo ƙofar gidanmu jin labari.

Wata rana muna cin abinci, shi da kansa ya ce, "Baba, in kwale-kwalen ya yi faɗi, zai shiga lungun nan naku kuwa?"

Na ɗago kai. Ashe har an gaya masa.

Baba ya ce, "Teku ta ƙare ne? Ci abincinka." Ya ɗauki kan kifi ya ajiye masa a kwano.

Na dai tauna shinkafa har ta zama ruwa a bakina.

Ranar da aka gama aikin, matan da ke ɓare kawa a bakin gaɓa duk sun ajiye wuƙaƙensu suka zo kallo. Sababbin bututun farare fat, tsofaffin takwas ɗin sun zama kamar haƙoran tsoho a tsakiya. Ba su kaɗai ba ne sabo. A tsakiyar katakon Baba ya ɗaure wata 'yar kujera mai majingina, har da matashi. Na kalli kujerar, na kalli bokitina.

Inna Kim-ki, maƙwabciyarmu, ta ɗaga murya. "Bun-hiong, ka yi sallama da uwarka tukuna!"

"Inna, in na nutse ke ce da asarar miji."

"Allah ya kiyaye! Me zan ciyar da kai, rumbu?"

"A kira motar ɗaga kaya ta ɗora shi a hankali," in ji Kawu Hok.

Yaya ya cire takalmi, ya ɗaga wa jama'a hannu kamar mai neman ƙuri'a. Baba ya riƙe masa hannu. "Tsakiya za ka taka, kar ka taka gefe. Zauna. Kar ka juya." Kwale-kwalen ya yi wani nishi, ya sunkuya, ya daidaita. Ruwa ya tsaya rabin bututu. Aka yi tafi.

Aka ɗora akwatin ƙanƙara, aka ɗora jarkar mai, Baba ya hau ya zauna wurinsa. Ruwa ya ɗan ƙara hawa, amma da saura.

"Siu-ing, hau," in ji Baba.

Na hau a hankali yadda na saba, na zauna kan bokitina, na tsuke jiki har da riƙe numfashi, kamar hakan zai rage ni. Ruwa ya taso ya fara lasar katako. Wani ya yi wata magana, Yaya ya fashe da dariya, cikinsa na rawa, sai ga ruwa ya kwararo ta tsakanin katakon ya jiƙa mini ƙafa.

Baba bai kalle ni ba, ruwan yake kallo.

"Sauka mu gani."

Na sauka. Kwale-kwalen ya taso, bai fi kaurin yatsa biyu ba. Baba ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ya gyaɗa kai. "Yauwa. Haka ya yi daidai."

Ashe ruwan ya san da ni. Ya jira ne sai ranar da za a sauke ni.

Suka tafi. Inna Kim-ki ta miƙo mini wuƙa da safar hannu ta ce, "Zo nan 'yar nan, mata dama nan ne wurinsu, ga inuwa ga hira." Na zauna cikinsu ina ɓare kawa, bayana ga teku. Amma murya tana tafiya a kan ruwa. Kafin su yi nisa na ji dariyar Baba, irin mai ƙarfi, har da tari. Duk zamana a gaban kwale-kwalen nan ban taɓa sa shi ya yi irinta ba. Na soka wuƙar da ƙarfi har ta huda safar.

Da yamma suka dawo da kifi ƙanana, irin waɗanda mu da muke mayarwa ruwa. Yaya ya ɗaga ɗaya sama, bai ma san sunansa ba, Baba na bayansa yana cewa, "Shi ya kama, da hannunsa." Mama ta soya su duka.

Da a ce Yaya mugu ne, da na samu sauƙi. Bayan cin abinci ya same ni ina wanke kwanuka, ya tsaya ya cika ƙofar, wuyansa ya yi ja da rana.

"Ƙanwata, gobe ke ki je. Ni ruwan nan juya mini ciki yake."

Ƙarya yake, na ga yadda ya ci abinci. Kafin in buɗe baki Baba ya amso daga tsakar gida. "Haka ake sabawa. Gobe ma kai ne."

Yaya ya kalle ni, ya sosa ƙeya, ya fita. Na fi jin haushin tausayin nan nasa a kan komai.

Washegari ruwa bai cika da wuri ba, sai da rana ta ɗaga. Na riga su zuwa gaɓa, ban san me ya kai ni ba. Can sai ga Baba shi kaɗai, Yaya na gida yana neman hularsa. Ya durƙusa yana ƙara ɗaure igiyar sabon bututun hagu, yana ja da haƙori. Na tsaya a bayansa. Ya san ina nan, domin ya miƙo hannu baya, na sa masa almakashi kamar kullum.

Na ji muryar Yaya daga nesa yana tsokanar matan. In ya iso, shi ke nan, zan koma cikin ɓawon kawa da maganata a ciki.

"Baba."

"Mm."

Na kalli bayan wuyansa, na ƙi kallon kujerar.

"Duk shekarun nan, ni kake so in bi ka, ko kuwa ni ce kawai kwale-kwalen ke iya ɗauka?"