Raƙumin da Isiyaku Ya Ƙi Saye

"To, Baba, ga cinikin," in ji Majo Hindatu, ma'aikaciyar jinya, tana kwance abin awon jini daga damtsensa. "Jininka ya hau, tansiyonka goma sha tara. Likitocin ido ba sa taɓa mutum sai ta sauka ƙasa da sha shida. Da la'asar motarsu za ta koma Damagaram, sai kuma baɗi. Zan bar sunanka a takarda. Kai kuma ka ba ni wayarka, ka haɗiye wannan ƙwaya, ka je gindin itacen bedin can ka zauna awa guda. Ba magana, ba goro. Ka rufe ido ka bi numfashinka."

"In bi shi zuwa ina, 'yata?"

"Ya shiga, ka san ya shiga. Ya fita, ka san ya fita. Shi ke nan."

Isiyaku dillalin raƙuma ya shekara arba'in a kasuwar Gure bai taɓa karɓar tayin farko ba. Ya nemi ragi: rabin awa, da ɓarin goro ɗaya. Ta ce albarka. Ya dube ta da ɗan ganin da yanar ido ta rage masa, bai ga komai ba sai farar inuwa mai motsi. Ya tuna watan jiya da ya buɗe bakin wata taguwa ya kasa ganin haƙoranta, sai lalube ya yi da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a wake. Ya miƙa wayar, ya ce ya sallama.

A zatonsa babu aikin da ya kai zama sauƙi. Ya jingina da bedi, ya rufe ido, ya ja numfashi na farko, ya ja na biyu. A na uku aka tayar da injin wuta. Bayan katanga injin niƙa ya amsa masa. Jarirai na tsala ihu wurin allura, 'yan kabu-kabu na ta oda a bakin ƙofa, wani jaki kuma ya ga dama ya sa baki. Abin haushi, tun da idonsa ya yi rauni kunnensa ya koma na zomo. Wata mata can nesa tana ba 'yar'uwarta labarin akuyar da ta saya, sai ya tsinci kansa yana cewa a zuci, "An cuce ki." Wayarsa ma ya ji ta tana kuka a aljihun Majo, sau uku.

Ana haka wani ya zube a gefensa. Tun kafin ya yi magana Isiyaku ya gane warin tabarsa: Idirisa ne, abokin hamayyarsa a kasuwa, wanda aka yi wa aikin ido jiya ya dawo a cire masa bandeji.

"A'a, Waliyyi! Yaushe ka shiga halwa ba ka gayyace mu ba?"

Isiyaku ya bi numfashinsa. Ya shiga, ya fita.

Sai wayar Idirisa ta yi ƙara, ya ɗaga murya kamar mai kiran salla. "Rashidu na Alakoss? Raƙuma bakwai ka shigo da su? Isiyaku kake ta nema? Ai ga shi nan kusa da ni, ya saki duniya, ko gaisuwa ba ya amsawa. Kai su turkena, ina zuwa."

Rashidun nan, tun zamanin ubansa dabbobin gidansu ba sa bi ta hannun kowa sai na Isiyaku. Kalma ɗaya ta isa. Ya buɗe baki, sai ya ji jijiyar wuyansa tana bugawa kamar ganga. Ya san halinsa sarai: ba zai tsaya a kalma ɗaya ba, sai ya kai ga kakan Idirisa da dokin da aka ce ya ara bai mayar ba. Daga nan tansiyo ta haura ashirin, ido kuma sai baɗi, in akwai sauransa. Ya mayar da bakin ya rufe.

A nan ne wani abu ya faɗo masa. Kawunsa da ya koya masa sana'a yakan ce raƙumi na iya ɓoye ciwon ƙafa, amma ba ya ɓoye na huhu. Sai ka ɗora tafi a haƙarƙarinsa, ka kawo kunne, ka bar kasuwa ta yi ta haukanta, kai dai numfashin dabbar nan kake saurare. Ya yi haka fiye da sau dubu, cikin ihun da ya ninka wannan. A kansa ne kawai bai taɓa gwadawa ba.

Ya ɗora tafi a ƙirjinsa, ya shiga duba kaya. Numfashi gajere, yana fita da ɗan fito. Zuciya na gudu ba wanda ya kore ta. Ya ce a ransa, "Wannan tsohon amale ne, an yi lodi da shi har ya gaji, ga faɗa, ga kumfar baki. Wallahi ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara." Dariya ta so kuɓuce masa, ya danne. Ya ci gaba da saurare, yadda ake yi wa dabba mai tsoro har ta saki jiki. Injin bai daina ba, jakin ma haka, amma duk sun koma can gefe. Numfashin ya fara tsawo. Idirisa ya yi ta tsokana har ya gaji ya tashi, Isiyaku bai san lokacin ba.

Hannun Majo ya ji a kafaɗarsa. Ta ɗaura masa abin awo, ta hura, ta duba. "Sha biyar, Baba. Tashi mu je."

Aka yi masa aikin kafin la'asar. Washegari da aka cire bandeji, haske ya shigo masa kamar an yaye bargo. Fuskar farko da ya gani tar ita ce ta Idirisa, ya zo dubiya da sabuwar hula, yana washe baki.

Idirisa ya ci la'adar raƙuma bakwai, ya kuma riƙe Rashidu har yau. Isiyaku ya rasa su, ya sami ido, da sunan Waliyyi da ya bi shi kasuwa ya ƙi fita. Yakan gaya wa mutane nutsuwarsa ce ta saukar da jinin. Majo Hindatu ta ce ƙwayar ce. Ya nemi a raba biyu, ta ce albarka.