Baiti na Uku a Sentul

Barnaba yana da waƙa guda ɗaya tak da ya rubuta da hannunsa, yana kuma da muryar da ba za ta wuce ranar Talata ba. Likita ce ta faɗa masa, ba ta yi wani kwana-kwana ba. Ƙarin da ya fito masa a maƙogwaro ya zauna daidai kan jijiyoyin murya, dole a yanke shi. Magana za ta iya dawowa, ko da a dishe. Waƙa kuwa, ta ce ya cire rai.

Shekararsa bakwai ke nan a Kuala Lumpur yana fama da digiri na uku wanda ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Abin da ya hana shi zaucewa a shekarun nan shi ne waƙoƙin kantiri, irin na makiyayan Amurka masu jita da faffaɗar hula. A gida ya gaje su. Mahaifinsa, Dogara, makanikin tarago ne a Kafanchan, kuma duk Lahadi in an taso daga coci sai ya fito da rediyonsa mai kaset ƙofar gida, ya goge takalmansa yana bin waƙar da hanci. Da tsohon ya rasu, Barnaba yana nan ƙasar mutane, bai samu zuwa jana'iza ba. Sai ya zauna ya rubuta masa waƙa mai baiti uku, da Hausa, a kan kiɗan kantiri. Baitin farko na tashar jirgi ne da asuba. Na biyu na ranar da jirgi ya daina zuwa. Sai a na uku ne yake kiran sunan mahaifinsa.

Akwai wata ƙungiya ta masoya kantiri a birnin, yawancinsu dattawa ne, Indiyawa 'ya'yan tsofaffin ma'aikatan layin dogo, da mutanen jihohin Sabah da Sarawak, da 'yan Filifin masu kiɗa a otal-otal. Kowace shekara suna bikin ba da lambar yabo a wani zaure a unguwar Sentul. Duk wanda aka zaɓa ya yi waƙa a ranar, cikakkiyar tawagar makaɗa ce za ta raka shi, a naɗi muryarsa da na'urori masu kyau, a sa a faifan shekara. A 2016 aka zaɓi Barnaba. Bikin ya faɗo ranar Asabar, kwana uku kafin a shiga da shi tiyata. Lambar ba ta dame shi ba ko kaɗan. Minti huɗun nan yake so, da sunan Dogara a cikin faifai.

Matarsa Felicia, ita kaɗai ta san zancen likita, ta yi ta fama da shi.

"Baban Kindness, ka rera a waya mana, ko sau ɗaya. Mu ajiye, just in case."

Ya girgiza kai, ya jawo takarda ya rubuta mata cewa mutumin da yake goge takalmi kafin ya shiga cikin baƙin mai ba za a sa shi a waya da ƙarar fanka ba. A rubuce yake magana a makonnin nan, yana tattalin ɗan abin da ya rage. Ya san maƙogwaronsa. In ya rera waƙa ɗaya da ƙarfi, sai ya yi kwana huɗu bai iya ko amsa gaisuwa ba. Taurin kai ne, babu shakka, amma irin taurin kan da mutum yake yi in abu ɗaya ya rage masa.

Maƙwabcinsu a unguwar Taman Melati, Muntasir, Bakano ne mai karatun lissafi, mutum ne da in yana son ka sai ka nemi wurin ɓuya. Shi ya ga sanarwar bikin, ya hau bene da gudu.

"Yaya Barnaba! Ashe haka ake yi? Za ka hau stage ba ka faɗa wa kowa ba? Wallahi sai mun cika hall ɗin nan. Na riga na sa a guruf ɗinmu na 'yan gida. Har Iya ta ce da ita za a je."

Iya mahaifiyar Muntasir ce, ta zo daga Kano wankan jegon surukarta. Tun zuwanta ta ɗauki Barnaba ɗa, don shi ne ya gano mata kantin da ake samun kuɓewa busasshiya.

Nan take abin ya faɗo wa Barnaba a rai. Liƙi. Ya san mutanensa. Ba za su ga nasu yana waƙa a gaban baƙi su zauna hannu rabbana ba. Ya ɗauki biro zai rubuta, don Allah kada kowa ya hau dandamali, kada a yi liƙi. Sai hannunsa ya tsaya. Ya ji yadda maganar za ta sauka a kunne. Mutumin da ya ce kada a yi mini liƙi, ai tuni ne yake yi a fakaice, roƙo ne da kunya. Za a ce Barnaba ya fara shirya aljihu. In kuma zai bayyana dalili, sai ya buɗe zancen ciwon, shi kuwa bai taso a gidan da namiji ke tallar ciwonsa ba. Ya rubuta, na gode, Allah ya bar zumunci. Muntasir ya karanta ya yi dariya, ya ce wannan tattalin murya sai ka ce amarya.

Ranar Asabar da ƙarfe biyu na rana aka buɗe taro, domin da shida za a miƙa zauren ga masu bikin aure. Mai gabatarwa, Mista Rozario, dattijo ne siriri da farar hula da gashin baki da ya sha rini. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da makirufo ɗin nan, kuma barkwancinsa bai taɓa canjawa ba, mutane ma suna fara dariya tun kafin ya kai ƙarshe. Masu miƙa lambobi biyu-biyu suke fitowa, su buɗe ambulan, su yi kamar sun sha mamaki. Lambar kanta ɗan takalmin makiyayi ne na tagulla a kan katako. Wata 'yar Filifin ta yi waƙar mijin da ya tafi bai dawo ba. Wasu 'yan'uwa biyu daga Sarawak suka yi ta dokin da ya tsufa. Kowa ya gama sai a tafa daidai gwargwado, a yi shiru, a jira na gaba.

Daga bayan labule Barnaba ya leƙa. Layuka huɗu na baya duk nasa ne. Manyan riguna, atamfofi, ɗaurin kallabi sai ka ce ranar salla, 'yan Filato da 'yan Kano da 'yan Zariya a cakuɗe. Iya tana tsakiya da jakarta a cinya, ta riƙe ta da hannu biyu. Ya nemi Felicia da ido don ta je ta yi musu magana, amma tana can gaba inda aka zaunar da iyalan mawaƙa, ta sunkuyar da kai tana addu'a.

Mista Rozario ya kira sunansa, ya ce da Turanci yau za a ji kantiri da harshen da ba a taɓa jin sa a zauren nan ba, daga ɗan ma'aikacin layin dogo zuwa ga 'ya'yan ma'aikatan layin dogo.

Mai jitar ƙarfe ya ja tsirkiya, ta yi wannan kukan nata mai tsawo. Barnaba ya rufe ido ya buɗe baki, muryar kuwa ta fito. Ta fito cikakkiya, mai kauri, kamar ba ta taɓa sanin likita ba. Ya rera tashar Kafanchan da asuba, da masu sayar da ƙosai a bakin dogo, da ƙarar ƙarfe kan ƙarfe. Dattawan gaba ba sa jin ko kalma ɗaya, amma wani tsoho ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Barnaba ya ji daɗin da bai ji ba tun rasuwar mahaifinsa. Ya shiga baiti na biyu.

A nan Iya ta rangaɗa guɗa.

Ita ba ta san wata hanyar girmama mawaƙi ba, kuma Hausar ta shige ta har ƙashi, domin nata mijin ma a jirgin ƙasa ya yi fatauci. Ta miƙe, ta buɗe jaka, ta nufi dandamali da takunta na tsufa. Wa zai bar tsohuwa ta tafi ita kaɗai? Muntasir ya bi ta, matan suka biyo, layuka huɗu suka tashi gaba ɗaya. Barnaba ya buɗe ido ya gan su suna hawa matakala, fuskokinsu cike da murna. Ya ɗaga hannu yana roƙonsu su tsaya, bai daina waƙar ba. Suka ɗauka gaisuwa ce.

Iya ta manna masa jar takardar kuɗi a goshi. Ta biyu ta zame ta faɗi. Sai ruwan ringgit, kuɗin ƙasar, ya ɓarke, shuɗaye da koraye da jajaye, a kafaɗarsa, a kan jita, a ƙasa. Kowace takarda da hoton sarkin ƙasar na farko a jikinta, ga takalma suna bi ta kai. Zauren ya ɗauki wani irin gunaguni. Wata mata a gaba ta dafe ƙirji. Mai ganga ya ga taron baƙi sun kewaye mawaƙi, bai san ko faɗa ba ne, ya tsaya. Mai jitar ƙarfe ya tsaya. Wani ya taka wayar na'urar sauti, lasifika ta yi ƙara mai huda kunne, mai kula da na'ura ya kashe komai.

Mista Rozario mutumin kirki ne, wannan kam a faɗa. Ya hau da murmushinsa, ya durƙusa da kansa yana tsince takardun daga ƙasa yana kaɗe su, ya lallaba mutane suka sauka. Da aka mayar da sauti ya ce wa zauren al'adar ƙasarsu ce, ƙauna ce, a yi musu uzuri. Sannan ya juyo ga Barnaba ya rage murya.

"Daga farko, boleh, za ka iya? Muna da minti biyar. Ka sake, lah."

Mai jitar ya sake jan tsirkiya. Barnaba ya buɗe baki. Iska ce ta fito, da wani ɗan kaushi kamar ana jan buhu a siminti. Ya haɗiye yawu, ya jira kiɗan ya zagayo, ya sake gwadawa. Makaɗan suka zagayo sau uku suna jiransa, suna kallon ƙasa. A na huɗu ya ajiye makirufo a kan sandarsa, ya sunkuya wa mutane, ya fita. Yana bayan labule ya ji an tafa masa daidai gwargwado, ya ji Mista Rozario ya kira masu miƙa lamba ta gaba.

Muntasir ya same shi a can, yana haki, da takardun a dunƙule cikin hularsa.

"Yaya, ka ga yadda muka girgiza wurin? Amma me ya sa ba ka ƙarasa ba?"

Felicia ce ta faɗa masa, a tsaye, cikin jimla uku. Muntasir ya zauna a kan akwatin lasifika. Ya ce, "Me ya sa ba ka gaya mini ba?" Barnaba ya laluba aljihu, babu biro, babu takarda.

An yi tiyata ranar Talata. An ce ta yi kyau. Iya ta yi ta aiko da kunu har ranar da ta koma Kano, ba ta ƙara yarda sun haɗa ido ba, shi kuma ya rasa yadda zai ce mata ba ya riƙe da ita. Laifin kansa yake gani, kuma wannan ba ya wucewa.

Bayan wata biyu faifan shekara ya fito da waƙoƙi goma sha ɗaya, babu tasa a ciki. Mai kula da na'ura ya turo wa Felicia ɗan abin da ya samu, minti ɗaya da daƙiƙa arba'in. Ta ɓoye shi kwana da kwanaki, sai wata Lahadi da suka dawo daga coci Barnaba ya miƙa mata hannu, ta gane, ta ba shi wayar.

Ya zauna a baranda ya kunna. Ga tasha da asuba, ga masu ƙosai, muryar tana nan yadda ya san ta. Ga jirgin da ya daina zuwa. Sai guɗar Iya ta shigo a kan kalmominsa, sai hayaniya, sai ƙarar nan, sai shiru. Leɓunansa suka ci gaba su kaɗai, suka ƙarasa baiti na biyu, suka shiga na uku. Felicia tana tsaye a bakin ƙofa, taku biyu tsakaninsu. Ta ga lokacin da bakinsa ya kira Dogara, amma ba ta ji komai ba.