Yarinyar da Suwaiba Ba Ta Kiran Sunanta

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zagayen duba ɗalibanmu idan an tura su koyarwar gwaji, kuma na san abin da suke faɗa a bayan idona: wai Malama Maijidda ba ta da sauƙi. Ban musa ba. Wadda za a damƙa wa 'ya'yan mutane 'yan shekara huɗu, ban ga dalilin ɗaga mata ƙafa ba. Abin da muke nanata musu a kwalejinmu ta Gusau tun zangon farko ba wani mai wuya ba ne: ki durƙusa har idonki ya yi daidai da na yaro, sannan ki kira shi da sunansa. Da haka ƙaramin yaro ke gane an san da zamansa.

Suwaiba ta girmi 'yan ajinsu. Daga Karakkai ta fito, can ƙasar Bungudu, ta dawo karatu bayan ta daɗe da aure. Aka tura ta wata firamare a 'Yandoto ta ƙasar Tsafe, ajin 'yan ƙanana, yara talatin da huɗu a kan tabarmi. Zuwana na farko aikinta ya burge ni, ni da ba a cika burge ni ba. Ta tara marafan kwalba da guntayen karan dawa tana koya musu ƙirga, waƙar wanke hannu ma ita ta tsara abarta. Sai dai akwai wata siririyar yarinya mai kitson Fulani a bakin tabarma. Kowa Suwaiba ta kira shi da suna, Lami, Sule, Mansura, ita kuwa sai "ke". Ke, matso. Ke, karɓi. Ko ido ba ta yarda su haɗa.

Na duba rajista, na ga Adama Dalhatu. Hedimasta ya ce iyayenta makiyaya ne, bara suka baro rugarsu saboda rashin zaman lafiya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na sha ganin malaman da ke ware 'ya'yan ruga, kuma ba na ƙyale su. Na rubuta a takardarta cewa a kira kowane yaro da sunansa, na ja layi biyu a ƙasa. Ban tambaye ta dalili ba, don a ganina na riga na sani.

Zuwa na biyu shi ne na yanke hukunci, ko ta wuce ko ta maimaita shekara. Na tarar ba abin da ya sake. Da aka fita tara na je na durƙusa gaban yarinyar, tana zaune ita kaɗai da kwanon ɗumamenta. Na tambaye ta ko tana son makaranta. Ta ce, "Malama ba ta san sunana ba."

Na ja Suwaiba bayan aji.

"Mi yarinyar ga ta yi maki?" na ce. "Don 'yar ruga ce?"

Ta zaro ido. "Subhanallahi, Malama. Wallahi ba haka ba ne."

"To mi ne ne?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. "Sunan ɗiyata ta hwari ke gare ta."

Na san kunyar ɗan fari. Innarmu har ta koma ga Allah "wancan" take ce wa yayanmu. Amma ban sauko ba, na ce ai wannan ba ɗiyarta ba ce, aiki kuma aiki ne.

"Ta rasu, Malama," in ji Suwaiba. "Tana da shekara ukku da rabi, ƙyanda. Wurin uwar mijina ta tashi. Ban taɓa kiran sunan ba, ko sau guda, ko muna mu biyu cikin ɗaki. Ranar da anka hita da ita ma ban yi kuka gaban mutane ba. Tun da kinka ja mani layin nan nike gwadawa. In na zo kanshi sai bakina ya ƙi."

Kunya ta kama ni. Wata guda ina riƙe da matar nan a raina kan laifin da ba nata ba. Na so in ce mata shi ke nan, ta ci gaba da "ke" ɗinta, wa zai sani? Amma ni na sani, yarinyar ma ta sani.

"Ki yi haƙuri da zargin da na yi maki," na ce. "Amma ba ni iya sa hannu a haka. Kin san abin da ta ce mani yanzu? Ta ce ba ki san sunanta ba."

Suwaiba ta dafa bango. Aka kaɗa ƙararrawar komawa aji.

Saura rabin awa a tashi. Na koma kujerata a bayan aji, takarda a cinya, kuma ban taɓa jin tsoron faɗuwar ɗaliba irin na ranar ba. Suwaiba ta ɗauki guntayen kara ta fara rabo, tana kiran kowa. Ta bi layin farko, ta bi na biyu. Da ta iso bakin tabarma ta durƙusa kamar yadda aka koya mata, kara biyar a hannu. Bakinta ya motsa, ba abin da ya fito. Yara suka zuba mata ido, don ba su saba ganin Malama ta tsaya haka ba.

"Adama," ta ce. A hankali ta faɗa, amma har inda nake na ji.

 Yarinyar ta waiwaya bayanta tana neman wadda ake kira, alhali ba kowa a bayanta sai bango.

Hawaye ya zubo wa Suwaiba, ba ta share ba. Ni kuma na sa hannu a takardar, da ƙyar nake ganin layin. Ta kama hannun yarinyar ta zuba mata karan a tafi, ta sake kira, wannan karon da ƙarfi.

"Na'am," in ji Adama.