Kwamfutar da Ke Neman Dogo

"Kashe ta ki sake kunnawa, Anti," in ji mai gyara, ya jawo kujera ya zauna.

Tsohuwar kwamfutar ɗakin magani ta yi gurnani ta tashi. Anti mai ba da magani ta buga lambar sirrinta, sai baƙar tagar nan ta fito a kan allo da rubutun da take gani kowace safiya: ANA NEMAN DOGO. Daga nan komai ya tsaya cak. A waje layin masu karɓar magani ya kai matakala, wata tsohuwa na ƙwanƙwasa gilashi da katinta.

Mai gyara ya buɗe wani ɗan fayil.

"Ga umarnin da take bi duk sanda kika shiga. Layin farko ya haɗa ki da firinta, na biyu da rumbun bayanan asibiti. Na ukun kuma yana kiran wata kwamfuta da babu ita a ginin nan. Sai ta kira ta gaji take haƙura. Waye Dogo?"

"Maigidana ne. Shi ya ja wayoyin nan duka. Da ya rasu aka kwashe teburinsa har da kwamfutarsa."

"Allah ya jiƙansa." Ya sosa ƙeya. "Anti, shugaban asibiti ya ce ko in goge layin yau, ko a kai gyatumar kwamfutar nan sito."

"Gyatumar ta girme ka a aiki, ka iya bakinka."

Ta yi maganar da wasa, amma idonta na kan allon. A da, a cikin wannan jiran Dogo yake leƙowa da kofinsa kafin ya je ya kunna tasa kwamfutar, ya jingina da ƙofa, ya ce shayinta na asibiti ya fi na gida. Tun da ya tafi, jiran ne kaɗai bai canza ba.

Tsohuwar ta sake ƙwanƙwasa gilashi.

"Ba yadda za a bar sunan?" in ji Anti.

"Akwai. In sa alama a gaban layin. Yana nan a rubuce, amma ba za ta ƙara kiransa ba."

Ta sake kallon sunan a kan allon.

"Sa."

Washegari ta jona butar shayi, ta buga lambar sirri. Kafin ta juya, allon ya buɗe tar. Ruwan ko ɗumi bai yi ba.

Ta zare butar, ta ɗaga labulen taga.

"Na farko, kawo katinki, Mama."