Yankan Fari

Dikko bai jira motar Birnin Kebbi ta gama tsayawa a tashar Argungu ba ya diro, takarda a hannu. Shi ne mai karanta ma'aunin ruwa a gindin gada, yana aika rahoto Sakkwato. Yau Litinin aka kira su ofis a Birnin Kebbi aka ce an buɗe dam can sama, ruwa zai mamaye fadama ranar Laraba. Ga shinkafar gidansu ta nuna a gandu, ita ce abincin mutum ashirin da biyu har baɗi.

A gidansu kuwa lauje ba ya shiga gandu sai babban gida ya yi addu'a bayan sallar Juma'a, ya yi yankan fari da hannunsa. Babban yanzu wansa ne, Malami, limamin unguwa.

Dikko ya same shi a zaure, ya durƙusa ya miƙa takardar. Malami ko kallonta bai yi ba.

"Laraba? Har ranar ka sani? To faɗa mini sa'a, mai sanin gaibu."

"Malam, ba gaibu ba na. Ruwan ya riga ya taso, yana bisa hanya. Awo na da lissafi."

"Bara ma haka kunka ce. Mutane sunka yanke ɗanyar shinkafa, ruwa bai zo ba. Wa ya nemi gafararsu? Gobe ta Allah ta, Dikko."

Gaskiya ne, bara sun yi kuskure, abin da ya ƙara ƙona ran Dikko ke nan. Ya ce, "Inuwar da kuke aunawa ku san azahar ta yi fa? Ba awo ba na?"

"Subhanallahi! Boko ta kai ka haɗa salla da sandar gada? Tashi ka ba ni wuri. Juma'a nic ce!"

Dikko ya fito. Shi da bai taɓa rasa sahun asuba ba, yau shi ake yi wa kallon mai ja da Allah, don kawai ya iya karanta lamba! Ya leƙa cikin gida ya ɗauki lauje. Mahaifiyarsu Inno tana tankaɗe, ta ji komai ta katanga.

Ya tara 'yan ƙodago goma sha biyu suka nufi fadama. A bakin gandu shugabansu, Maigandi, ya tsaya cak.

"Ina Malam? Mu ba mu sa lauje gonar da ba a buɗe ba. Ko ninki biyu za ka ba mu."

Dikko ya yi bayani, ya nuna takarda, ya yi rantsuwa, a banza. Haushi ya sa ya shiga shi kaɗai, ya yi bismilla ya fara yanka. Mutum ɗaya a gandun da ke cin kwana uku da taron jama'a! Su kuwa suka zauna gindin kuka suna kallonsa kamar mai taɓin hankali.

La'asar ta kawo kai sai ga Inno tana tafe a kan kunyar gona, tana dogara sanda, ƙafa duk laka. Ta dubi ɗan abin da Dikko ya yanka, ta dubi mazan da ke zaune.

"Ni ban san lissafi ba, kuma ban yi karatun Malami ba," in ji ta. "Amma ni ka raba tuwo gidan ga, ni yara ka kallo in tukunya ta ƙare."

Ta karɓi laujen Maigandi, ta ɗaga hannu ta yi addu'a gajera, ta duƙa da ƙyar ta yanki damƙi guda.

"Babban gida kuke jira? Ni na goya shi. Ku tashi."

Maigandi ya kalli hanyar gari, ya kalli tsohuwar da ta kasa miƙewa daga duƙen. Ya tuɓe rigarsa ya rataye a reshe.