Murga da Baƙar Kazar Tanti Saveta

Nea Gligor makiyayi ya ɗago kwikwiyon ta ƙeya, ya buɗe masa baki da babban yatsa, ya juyo da shi wajen haske.

"Duba ganɗarsa, Tanti Saveta. Baƙa ƙirin. Kare mai baki irin wannan, ko kyarkeci sai ya yi shawara kafin ya tunkare shi."

Tanti Saveta ko kallon bakin ba ta yi ba. Tana dogare da sandarta a ƙofar garken tumakin tana mayar da numfashi. Hawan tudun ya kusa gamawa da ita, ni ma da na riƙo ta tun daga gida ya kusa gamawa da ni.

"Yaushe zai fara gadi?" ta tambaya.

"In ya tashi cikin kajin, baɗi war haka ya yi hankali. Kafin nan sai kin sa ido, don kwikwiyo wasa yake da kaza har ya kashe ta."

"Mayar da shi wajen uwarsa."

Shinge ɗaya ne tsakanin gidana da nata. Na san lokacin da tsakar gidanta ke cike da kaji har ba wajen taka ƙafa. Amma tun da matasa suka watse ƙasashen waje neman aiki, gonaki suka koma jeji, yanyawa ta daina jin kunyar kowa. Da rana tsaka take fitowa daga cikin masara ta ɗauki wadda ta ga dama. Kafin kaka ta shigo, kajin Tanti Saveta ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma a cikinsu ɗaya ce ta dame ta, wata baƙar kaza mai gajerun ƙafafu da take kira Baƙa kawai.

A garinmu in an saukar da akwatin gawa cikin kabari, sai a miƙa wa mai haƙa kabari kaza mai rai ta saman ramin, don ta shiga gaba tana tono wa mamaci hanya. Kuma kazar gidan mamaci ake so, wadda ta san muryarsa. Ranar da aka binne mijinta Pintilie, annoba ta riga ta share mata akurki, sai aro aka yi wajen matar mai shago, wata farar kaza mai tsigaggen wuya. Mata suka yi ta zunɗe har aka watse. Tun daga nan Tanti Saveta ke mafarkin Pintilie yana yawo cikin hazo ba hula, yana tambayar hanya. Ni dai na sha gaya mata cewa Pintilie ko da ransa ba ya gane hanyar gida in ya fito daga mashaya. Ba ta taɓa dariya ba.

Ta ɗaga sanda ta nuna ƙarƙashin keken doki, inda wata tsohuwar karya mai ruwan toka ke kwance, furfura ta cinye mata baki.

"Waccan fa?"

"Murga? Haba, Tanti. Haƙoranta sun side, ƙafar baya ta mutu, ba ta iya bin tumaki kan dutse. Da ma jira nake in samu ƙarfin hali in kai ta bayan tudu in kashe ta. Karen bana shi ke maganin zomon bana."

"Ni ba ta bana ba ce, Gligor. Kuma ba ta baɗi ba ce."

Nea Gligor ya ajiye kwikwiyon a hankali. Ni kuwa sai a lokacin na gane abin da ya kai ta asibitin birni a farkon watan, ta dawo tana ce mini wai ciwon baya ne. Raina ya ɓaci, na ji kamar in zage ta.

"Ki ɗauke ta," in ji shi. "Amma ki ji sharaɗi. A bakin akurki za ki ba ta abinci, a ƙasa, ba a hannu ba. Kada ki shafa ta. Kada ta taka ƙofar ɗakinki. Irin waɗannan, abin da suke kwana da shi shi suke tsaro. Kika shigar da ita sau ɗaya, ke za ta tsare, kajin su zama na yanyawa."

"Na ji."

"Kin ji yanzu. Mata da tausayi."

"Na binne miji da 'ya'ya biyu. Ka ga tausayi a fuskata?"

Muka gangaro mu uku, gurguwar karya da tsohuwa mai sanda da ni a tsakiya, kowa na jan ƙafa.

Da farko an ɗaure Murga a jikin akurki har kajin suka saba da warinta, sannan aka sake ta. Ba ta haushi a banza. Takan kwanta a tsakiyar fili, kai a kan ƙafafu, Baƙa na tono a gefen cikinta. Shaho ya yi ta kewayawa ya gaji.

Wata ranar Laraba da la'asar ina shanya, na ji kaji sun ɓarke da kuka. Kafin in kai shingen har an gama. Na hango jan bindin yanyawa yana shigewa cikin masara, Murga na tsaye a karkace a kan Baƙa, kunnenta a yage, jini na ɗiga daga hancinta. Kazar ko gashi ɗaya ba ta rasa ba.

Tanti Saveta ta fito bakin ƙofa tana dafa bango. Karyar ta ɗingiso har gindin matakala, ta ɗaga kai tana kaɗa bindi. Na ga hannun tsohuwar ya miƙe, har ya kusa taɓa goshin. Sai ta janye shi ta cusa cikin aljihun rigarta.

"Koma," ta ce. "Koma wajen aikinki."

Murga ta tsaya jim, sannan ta juya.

"Ke wace irin mace ce?" na ce mata ta saman shinge. "Ta ba da jininta saboda kazarki."

"Shi ya sa na kawo ta. Domnika, kawo ruwan gishiri ki wanke mata kunnen. A can, ba a nan ba. Kuma wanki na ce, ban da lallashi."

Na wanke ina zaginta ƙasa-ƙasa. Da na ɗago, na gan ta a bayan taga tana share ido da bakin ɗankwali.

Da sanyi ya kama, Tanti Saveta ta kwanta ciwo. Muka ja gadonta zuwa jikin tagar da ke kallon akurki. Ɗanta Sorin yana Sifen yana tsinkar lemo, kullum a waya cewa yake sai Kirsimeti. Ni ke kai mata tuwon masara da madara, ta ci cokali biyu, sauran in zuba wa Murga a ƙasa. Sauran kajin ta sa na yanka ɗaya bayan ɗaya ina yi mata romon da ba ta sha. Baƙa kaɗai ta rage.

Ɗakin ya yi shiru ƙwarai a kwanakin nan. In na tafi gida ba wanda ke shigowa, ba abin da ke motsi sai agogon bango. Abin ya dame ni har na kasa haƙuri.

"Tanti, bari in shigo miki da karyar nan. Ta kwanta a ƙafarki ki ji ɗumi. Kazar in sa ta a kwando in kai gidana."

"Ki kai ta gidanki ta zama kazar gidanki? In tashi da ta aro kamar Pintilie?"

"To in shigo da su duka biyun."

"Kaza a ɗaki mutuwa take. Ki bar su inda suke." Ta juya kai wajen taga. "In ta shigo, ni za ta tsare. Abin da ke zuwa wajena kuwa ba ya tsoron kare."

Na hau gyara mata bargon da ba ya buƙatar gyara.

Ta cika ranar Juma'a da hantsi. Na ga numfashinta ya sauya, na kunna kyandir na sa mata a hannu na riƙe tare da ita. Leɓunanta suka motsa, na sunkuya.

"Tana nan?"

Na leƙa. Baƙa na tono a gindin bishiya, Murga na kwance a gefenta.

"Tana nan, Tanti. Su biyun suna nan."

Ba ta sake magana ba.

Sorin ya iso ranar jana'iza da jakar baya da jajayen idanu. Da ya shiga tsakar gida zai kama kazar, Murga ta miƙe ta yi wani gurnani daga cikin ƙirji, ya ja da baya har ya taka kwanon ruwa.

"Tanti Domnika, karen wa ne wannan a gidan uwata?"

"Na kazar ne. Matsa."

Ni ta bari na ɗauka, don ni ke zuba mata abinci. Na rungume Baƙa a hammata na bi bayan akwati, Murga na ɗingishi a dugadugaina tun daga ƙofar gida har maƙabarta. Mata suka fara gyaɗa kai.

"Allah sarki," in ji matar mai shago. "Dubi amana. Ta biyo uwargijiyarta."

Na ƙara rungume kazar. Na san abin da ta biyo.

Fada, limamin coci, ya gama addu'a, aka saukar da akwatin da igiya. Na tsaya a bakin ramin, Ilarie mai haƙa kabari ya tsaya a ɗaya gefen, na miƙa masa kazar ta sama.

"Don ran Saveta," na ce.

"Allah ya karɓa." Ya auna ta a hannu. "Ta yi ƙiba kuwa."

Ya ɗaure mata ƙafafu da tsumma, ya ajiye ta gindin katanga kusa da rigarsa, ya ɗauki shebur. Murga ta zagaye ramin ta bakin tulin ƙasa. Ko leƙa ciki ba ta yi ba.

Mutane suka juya zuwa gidan makoki cin dafaffiyar alkama. A bakin ƙofar maƙabarta na waiwaya. Ilarie na zuba ƙasa. Karyar na kwance a jikin kazar, ta ba kabarin baya, yagaggen kunnenta a miƙe wajen gonakin masara.